Kawu da Rukuni na Ɗaya

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma a wannan karon Kawu ne ya yi gaba. Ya rasu ranar Talata da hantsi a wani asibiti a Lyon, bayan jinyar wata biyu. Allah ya jiƙan sa, ya sa ya huta. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a ƙasar nan ta Faransa, kuma ni ne na yi masa ƙarya shekara goma sha biyu. Zan faɗi duka biyun, domin idan na yabe shi na ɓoye nawa, na ƙara wata ƙaryar ke nan a kan kabarinsa.

Gidansa yana hawa na tara a Rillieux-la-Pape. Ranar da aka fara zaman makoki asansar, na'urar hawa benen, ta lalace, dole kowa ya bi matakala da ƙafa. Wani Alhaji ɗan Maraɗi, abokin cinikinsa na shekara talatin, ya iso yana haki, ya dafa bango ya ce marigayi ya sa shi gumi da ransa, ga shi ya sa shi gumi da mutuwarsa. Aka yi dariya kaɗan, sai kuma ya zauna ya rufe fuska da hula. Mutanen Paris sun zo a jirgin ƙasa na safe. Ɗalibai 'yan Nijar da ke karatu a Bron suka zo a ƙungiya, kusan kowannensu da labarin ranar da ya sauka a gar, wato tashar jirgin ƙasa, bai san kowa ba, Kawu ya je ya tarye shi da rigar sanyi a hannu. Wata Hajiya 'yar Kano mai sayar da atamfa ta ce bai taɓa sayar mata da yadi ba sai ya gaya mata inda zai fara koɗewa. Tsohuwar Bafaranshiya da ke hawa na takwas ta kawo kek, ta tsaya bakin ƙofa, har Inna, matar Kawu, ta fito ta kama hannunta ta shigar da ita cikin mata.

Kashegari surukinsa ya iso daga Ingila tare da matarsa, 'yar Kawu ta fari. Bature ne dogo, Dogo ɗin ma Kawu ke kiransa. Ya cire takalmi, ya zauna a kan dardumar maza yana miƙe ƙafar hagu saboda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Ya ce, da Hausarsa mai karkata, Allah ya jiƙan Baba. Alhajin Maraɗi ya kama hannunsa ya ce, "To, ga ɗan rukuni na ɗaya ya iso. Marigayi ya yi alfahari da kai." Ya juyo gare ni don in fassara, domin ni aka sani da tafinta. Ɗaliban nan duk suka sunkuyar da kai suna kallon darduma. 'Yar Kawu tana tsaye a ƙofar kicin tana dubana. Na fassara rabin ƙarshe na maganar, na haɗiye rabin farko.

Wannan rabin farkon shi ne abin da zan yi bayani. Amma sai an san Kawu tukuna.

Ɗan Damagaram ne, ɗan falke. Ya zo Faransa tun ban yi wayo ba, yana sayen shadda da turare da tsofaffin kayan mota yana aikawa gida ta jirgin ruwa. Boko bai yi ba. Yana karanta Arabiyya, yana rubuta ajami, Faransancinsa kuwa na kasuwa ne, amma ya ishe shi. Yana da wata ɗabi'a da direbobin kawo kaya suka tsana: ba ya sa hannu a takarda sai ya buɗe kowane kwali ya gani da idonsa, ko da kwali arba'in ne, ko da mota ta tare hanya ana ta yi mata ƙaho.

Ban taɓa ganin mutum mai son sanin yadda abu yake kamarsa ba. Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, tsaya, yaya ake yi? Ya taɓa tsayar da mai tuƙa tiram, jirgin nan na cikin gari, a tashar ƙarshe yana tambayarsa yadda abin yake juyawa ba shi da sitiyari. Ya taɓa rufe shago rabin yini don ya kalli masu shimfiɗa duwatsu a titi, ya dawo yana gaya mini yadda suke barin rata don ruwa. Ya so ya san dalilin da cukun da ya fi wari ya fi tsada, bai huta ba sai da mai sayarwa ya kai shi ɗakin da ake ajiye shi. Bai ci ba, amma ya gani.

Ni kuwa lekol, wato boko, aji biyar na bar ta. Na yi shekara bakwai ina ɗaukar akwatunan kifi da ayaba a babbar kasuwar Rungis, kusa da Paris. A can na tsinci Turanci a bakin 'yan Najeriya da 'yan Gana, wanda ya isa a tambayi farashi ko a yi faɗa. Bayana ya ƙage, aiki ya tsaya, na faɗa cacar dawaki, na daina kiran gida don kunya. Wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina, na buɗe, sai ga Kawu da 'yar jakarsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce in tattara kayana, amma kafin mu tafi in kai shi ya ga kasuwar nan da ake cewa ta fi wani gari girma. Muka je. Ya shafe awa guda yana kallon motar da ke ɗaga kaya da ƙahonni biyu. Maganar caca sau ɗaya ya taɓa yi mini, muna wucewa ta gaban wani kafe ana nuna sukuwa a talabijin. Ya ce shi dai bai gane ba, dokin da ban taɓa ba shi ciyawa ba, me zai sa ya yi mini gudu? Daga ranar ban sake ba. Ya ba ni kujera a shagonsa da faranti a gidansa. Wannan mutumin na yi wa abin da na yi.

'Yarsa ta fari taubashiyata ce, tun tana ƙarama take kirana bawanta, ni ma ina ramawa. Ta yi karatu a Bron, aka tura ta shekara guda Ingila, ta dawo da labarin wani ɗan tamola da ke son aurenta. Wanda ya san mutanenmu ya san uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya zaman hira da ita, balle a kan mijinta. Kawu ya riƙe wannan kunyar sosai har a Faransa. Yarinyar nan yake ce mata. Ta gaya wa Inna, Inna ta gaya masa. Daga nan ya sa aka bincika masa musuluntar yaron wurin limamin garinsu, aka tabbatar. Abin da ya rage shi ne sana'a.

Dogo ya zo Lyon da wansa. Aka zauna a falo, maza zalla. Kawu bai dube shi ba, ni yake kallo, domin na daɗe ina gaya wa kowa cewa Turanci a bakina kamar ruwa yake. Ya ce in tambaye shi aikinsa. Na tambaya, na ce tamola yake bugawa. Kawu ya ce, "Wasansa na ji. Aikinsa nake tambaya." Na yi bayani cewa ana ɗaukar mutum aiki a kan haka, da takarda da komai. Ya ce to a wane mataki yake.

Dogo ya faɗi sunan rukuninsu. Ban kama komai ba sai kalmar ɗaya. A Faransa rukuni na ɗaya shi ne ƙoli, babu na sama da shi, kuma a shekarun nan ekip ɗin Lyon, wato ƙungiyarsu ta tamola, tana ɗaukar kofi a kai a kai, har Kawu da bai damu da wasa ba ya san haka saboda ranar mach, wato ranar wasa, titi yakan cika. Na ce, Kawu, rukuni na ɗaya yake bugawa. A nan ban yi ƙarya ba, Allah ya sani, kuskure na yi. Amma Dogo ya ga yadda fuskokinmu suka canza, sai ya ci gaba da magana mai tsawo da sauri, yana ɗaga tafin hannu sama yana saukar da shi mataki uku. Ko kalma ban fahimta ba. Kawu ya ce me ya ce? Maimakon in ce ban gane ba, sai na ce yana cewa shi ne na uku a tsawo a ekip ɗinsu. Kawu ya ɗaga ido ya dube shi karo na farko, ya ce, ashe akwai waɗanda suka fi wannan? Ya ba da 'yarsa. Ran Juma'a ya faɗa a masallaci.

Saura kwana goma a ɗaura aure na buga wa wani ɗan Kano da muka yi aiki tare a Rungis, ina yi masa fariya. Ya yi dariya har yana tari. Ya ce ai mutanen Ingila ba daga ɗaya suke fara ƙirga ba. Suna da rukuni biyu a sama masu wasu sunaye dabam, wanda suke kira na ɗaya shi ne na uku. Abin da Dogo yake nuna mana da hannu ke nan.

Ina da kwana goma. Na sha gaya wa kaina cewa don kada auren ya lalace na yi shiru. Ba gaskiya ba ne. An fara kirana Tafinta a masallaci, Kawu da kansa ya laƙaba mini, kuma ban taɓa samun suna mai daɗi irinsa ba. Shi na ƙi saki.

Taubashiyata ta gane bayan biki, da ta ji Inna tana yi wa wata ƙawarta bayani a waya. Ta kira ni. "Kai bawa, wane irin Turanci ka yi wa Baba?" Na fara kame-kame. Ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta ce wa mahaifinta an yaudare shi a kan mijinta ba, Dogo kuma suruki ne, ba shi da bakin wannan maganar. Ya so ya rubuta wasiƙa, ta hana shi, domin wasiƙar ni za a miƙo wa in karanta. Ta ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance." Na ce mako mai zuwa.

Da yake Kawu ba ya tambayar 'yarsa kuma ba ya tambayar surukinsa, duk labarin Dogo ta bakina yake zuwa. Kowace Lahadi bayan azahar muna cin tuwon shinkafa da miyar kuka a gidansa. In ya wanke hannu sai ya ce, to Tafinta, ina Dogo ya kwana? Ya sayi taswirar Ingila ya manna a bangon falo. Ya so ya san komai. Wa ke cewa wane ya shiga wane ya fita? Ana ba su abinci? Me ya sa mutum goma sha ɗaya, ba goma ba? Da na ce Dogo ɗan baya ne, aikinsa ya hana a wuce, sai ya ce to mai gadi ne, ya kuma ji daɗin hakan. Ya tambayi dalilin da ba a taɓa nuna shi a talabijin ba. Na ce kyamara masu gaba take bi. Ya ce haka ne, mai tsaron baya ba a ganinsa sai ran da aka yi ɓarna.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi, a shekara ta biyu. Na ce masa an ba da Dogo aro na wata uku ga wata ekip a wani gari na bakin teku. Ya ajiye kofin shayi. Ya ce, "Aro? Kamar tsani?" Na yi dariya, ya ɓata rai. Ya jero tambayoyi: wa ya ba da shi, an tambaye shi, an tambayi matarsa, in ya karye a hannun mai aro wa ke da laifi. Ya ce shi 'yarsa ya ba mutum, bai ba kayan aro ba, zai je ya taho da shi ya sa shi a shago. Kwana biyu bai yi mini magana ba, ya ce ana ba da ɗan Adam aro ni ina dariya. Rana ta uku na je na ce ai wanda ya fi ƙwarewa ake ba da aro, don ya taimaki na ƙasa. Gaskiyar kuwa ita ce mai horar da su ba shi da gurbin da zai sa shi. Sai fuskar Kawu ta sake. Ya ce yanzu ya gane. Mahaifinsa ma in ayarin wani ya rasa mutumin kirki, yakan ba da nasa amintacce ya raka su Kano. Ya ɗauki ƙaryata ya ɗora mahaifinsa a kai, ni kuma ina zaune ina gyaɗa kai.

Abin da Kawu ya ji tsoro shi ya faru. A hannun masu aro gwiwar Dogo ta lalace. Ya koma ekip ɗinsa yana ɗingishi, ƙarshen shekara suka sallame shi. Ya sauka rukunin da suke kira na biyu, wato na huɗu. Ya yi shekara biyu a wani garin masaƙu, shekara guda a wani garin ma'adinai, sannan ya ƙara sauka. Ekip tara ya yi gaba ɗaya. Daga baya motsa jiki sau biyu a mako suke yi da yamma, da rana yana aikin rufin gidaje tare da wansa. Kowace ƙaura na ce wa Kawu an neme shi ne. Garuruwan suka yi ta ƙanƙancewa har aka kai wanda Kawu ya nema da gilashinsa a taswira bai samu ba. Ya ce garin da ba ya taswira yana da ekip ta ɗaya? Na ce taswirar ce ta tsufa.

Ɗalibai sun sani, ba shakka. Wani daga cikinsu ya taɓa farawa a harabar masallaci, ya ce, Alhaji, ai a Ingila, sai na taka masa ƙafa. Na ja shi waje na ce ba shi da tarbiyya, yana son ya kunyata dattijo. Yaron ya ba ni haƙuri. Yanzu babban ma'aikacin bincike ne, kuma idan ya karanta wannan, ni ke ba shi haƙuri.

A shekara ta shida aka haifa wa Dogo 'ya mace cikin sanyi, Kawu da Inna suka shirya zuwa suna. Ni takarduna ba su kai in tafi ba. Kwana takwas da suka yi ban ci abincin kirki ba. Da suka dawo na je tarye su, ina kallon fuskarsa. Babu komai a cikinta. Ya ce ƙasar ruwa ce, kuma suna tuƙi a hannun da ba daidai ba. Na daure na tambaya ko ya ga wasa. Ya ce, wa zai bar suna ya tafi kallon tamola? Na yi ajiyar zuciya.

Lahadi ta ci gaba kamar da. Sai dai tambayoyin sun ƙara yawa. Filin nan da Dogo ke bugawa, mutum nawa yake ɗauka? In ce dubbai. Duk da wurin zama? In ce duk. Da rufi? In ce da rufi. Sai ya gyaɗa kai, ya dube ni ya daɗe, ya ce to madalla. Na ɗauka son sani ne irin nasa.

Kwana biyu kafin ya rasu na je asibiti bayan la'asar. Inna ta fita alwala, muka saura mu biyu. Ya riga ya nemi yafiyar kowa, ni ma ya ce in yafe masa, na ce bai yi mini komai ba sai alheri. Sannan na ce, Kawu, ni ma ka yafe mini. Kowa ya san amsar wannan, na yafe ake cewa, ba a tambaya. Shi kuwa ya juyo da kai a kan matashi ya ce, me?

Na ce duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba.

Ya ce, "Tafinta, ka san ni. Ba na sa hannu a kan kwalin da ban buɗe ba."

Ya jira. Na ji motsin keken abinci a baranda, na ji ana rufe wata ƙofa. Maganar tana bakina. Na ce ba wani abu ba ne, Kawu, irin na yau da kullum ne. Ya lumshe ido ya ce to sai gobe. Kashegari na je ba ya iya magana.

Ranar sadakar uku Dogo ya ce in raka shi ƙasa ya miƙe ƙafa. Muka zauna a wani benci a gindin ginin. Ya koyi Faransanci a shekarun nan, da shi ya yi mini magana, a hankali, don ya san iyakar Turancina tun ranar farko. Ya ce akwai abin da Baba ya hana shi faɗa, amma yanzu yana ganin ya halatta.

Kwana biyu bayan suna, in ji shi, Kawu ya same shi yana saka takalma a jaka, ya ce da Faransancinsa na kasuwa yana so ya ga wurin aiki. Shi ne karo na farko da ya yi masa magana ba ta bakin wani ba. Suka tafi. Fili ne a bayan gari, rumfa ɗaya mai kwano, sauran duk shinge, tumaki suna kiwo a bayansa. 'Yan kallo ba su wuce ɗari biyu ba. Ana ruwa. Kawu ya ƙi shiga rumfa, ya tsaya da laima a bayan ragar su Dogo har aka tashi. An ci su biyu. Bayan wasa ya ga surukinsa ya hau tsani yana kwance raga tare da sauran, ya ga tsohuwar da ke dafa musu shayi tana yi masa faɗa a kan gwiwarsa.

A mota Kawu ya tambayi dalilin da ya sa yake ta ihu a baya alhali ƙwallo ba ta wurinsa. Dogo ya ce yana gaya wa matasa inda za su tsaya. Kawu ya ce to madugu ne shi, ya kuma yi masa bayanin abin da madugu yake yi a ayari. Sannan ya ce wannan sana'a ce, ya yarda. Daga nan ya tambaya nan rukuni na nawa ne. Dogo ya ƙirga masa da yatsu daga sama, har shida. Shekarar aure fa? Uku. Dogo ya tuna masa da hannun da ya yi ta saukarwa a falo. Ya ce Kawu ya yi dariya har sai da shi Dogo ya tsayar da mota ya ba shi ruwa. Da ya huce sai ya ce kada a gaya wa Tafinta, yana so ya ga yaya zai yi.

Shekara shida yana kallona ina gina masa rumfuna da kujeru a filin da ya tsaya cikin ruwa. Da na yi tunani sai na tuna cewa tun daga tafiyar nan ban sake jin ya ce na ɗaya da bakinsa ba. In an tambaye shi surukinsa sai ya ce yana kan aikinsa. Bai gyara wa mutanen masallaci ba, domin gyarawar tona ni ce.

Abin da nake ta juyawa shi ne, me yake ji a Lahadin nan? Wasa yake yi da ni, ko jira yake? Na hau na tambayi Inna. Ta ce ta sani tun a Ingila. Ta ce wani lokaci in na fita yakan yi dariya har hawaye. Wani lokaci kuma ba ya yi. Na ce ta yafe mini a madadinsa. Ta ce nata ta yafe, nasa kuwa ba ita ke riƙe da shi ba.

Ranar sadakar arba'in an taru a zauren masallaci, Dogo ya dawo don ita. Bayan addu'a na miƙe. Na ce ina da magana a kan marigayi. Na faɗa musu yadda ƙirgar Ingila take, da abin da na ce a falo, da ɗan Kano, da aro, da taswira, da ɗalibin da na taka. Na ce marigayi bai yi wa kowa ƙarya ba, abin da na ba shi ya faɗa, kuma ya ba ni dama a kan gadon asibiti na ƙi ɗauka. Liman ya ce an ji, sauran tsakanina da Allah ne, in yawaita yi masa addu'a. Taubashiyata ta aiko daga wurin mata cewa a gaya wa bawanta mako mai zuwan nasa ya yi tsawo.

Sai Alhajin Maraɗi ya gyara zama ya ce shi abin da bai gane ba, mutum ya sauka daga uku har shida, da gwiwa ɗaya, me ya hana shi barin abin tun farko? Ya ce in tambaye shi. Na tambaya. Dogo ya yi tunani, ya amsa da Turanci, domin maganar ta fi ƙarfin Faransancinsa. Jimla uku ce ko huɗu. Duk zauren ya juyo yana dubana.

Na ce ban gane ba. Na kira ɗalibin nan ya zo ya fassara.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya yalwata kabarinsa, ya ba Inna da zuriyarsa haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in da saura ya sa da ni.